Me ya sa haƙorin yankan ƙarfe ya yi tsada, kuma me ya sa gidajen gado ne ke ƙera shi?

Tun cikin shekarar 2025 tsadar kayan yankan ƙarfe ta zama abin hira a warshoshi, wato wuraren aikin ƙarfe, na Jidda, Makka da Riyad a Saudiyya. Ana maganar rishar huda ƙarfe, da 'yan haƙoran nan da ake ɗaurawa a bakin makraɗa (injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi), waɗanda masu sana'ar ke kira fidiya. 'Yan uwanmu Hausawa da ke cin abinci a Sina'iyya, unguwar masu sana'o'i, daga mu'allimai, wato ƙwararrun aikin, har yaran warsha, bakinsu bai zo ɗaya ba. Wasu sun ce dillalai ne suka haɗa kai suke tatsar mutane. Wasu kuma tambaya suke yi: ƙasar da ke narka ƙarfe a Jubail, take haɗa motoci a kusa da Rabig, me zai gagare ta a abin da bai kai farcen babban yatsa ba? Idan kuma mutum ya juya kwalin ya karanta, sau da yawa sunan wani iyali zai gani daga wani ƙaramin gari a Jamus, wanda ko a taswira sai an lalubo shi. Ta yaya sana'ar da manyan masana'antun duniya suka dogara da ita ta zauna a hannun irin waɗannan gidaje?

Wane ƙarfe ne ke yanka ƙarfe?

Duk abin da aka sassaƙa a inji, daga fistan na mota zuwa bawul ɗin bututun mai, wani abu ne da ya fi shi tauri ya yanke shi. Tauri kaɗai ba ya isa. Inda haƙori ke gogar ƙarfe zafi yana hawa ɗaruruwan digiri, kuma a nan ake gane na ƙwarai. Ƙarfen da aka ƙona aka tsoma a ruwa, irin na wuƙa da magagari, yana fara sakin jiki da zarar zafi ya haura digiri 200. Shi ya sa a ƙarni na 19 injuna suke tafiya a hankali, don kada bakin ya dakushe.

A 1868 wani Bature ɗan Ingila, Robert Mushet, ya gano cewa zuba tangistin, wani ma'adini mai nauyi da jure zafi, a cikin ƙarfe yana sa ya riƙe taurinsa. A ƙarshen ƙarnin, Frederick Taylor da Maunsel White na kamfanin Bethlehem Steel a Amurka suka gyara hanyar ƙona irin wannan ƙarfe, kuma a baje kolin Faris na 1900 jama'a suka ga bakin makraɗa ya yi ja don zafi amma bai fasa yanka ba. Wannan shi ne asalin rishar da ake rubuta wa HSS, wadda ke jure zafi har wajen digiri 600. Siffar murɗaɗɗiyar rishar kuwa ta girme shi, domin Stephen Morse ya yi mata rajista a Amurka tun 1863.

Fidiya wata aba ce dabam, kuma kada a haɗa ta da kabayid ɗin masu walda da gas ko wanda ake nunar da ayaba da shi. Garin tangistin ne da aka haɗa da gawayin kimiyya, aka gauraya da ɗan kobalt wanda ke riƙe ƙwayoyin, aka danne a mazubi, aka gasa a zafin da ya kai wajen digiri 1,400. A wurin gashin abin yakan tsuke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsawonsa, don haka sai mai ƙira ya san tun farko yadda zai tsuke ɗin. Bayan nan sai a wasa shi da dutsen lu'ulu'u, domin dutsen wasa na yau da kullum ba ya cin sa yadda ya kamata. Karl Schröter na kamfanin fitilu na Osram ne ya yi rajistar wannan haɗi a 1923, kuma ba yankan ƙarfe yake nema ba. Yana neman abin da zai maye gurbin lu'ulu'u ne wajen jan siririyar wayar cikin ƙwan fitila. Kamfanin Krupp ya karɓi fasahar ya fito da ita kasuwa a 1926 da sunan Widia, sunan da ya bi bakin masu warsha har ƙasashen Larabawa, inda ya koma fidiya.

Fidiyar farkon tana cin ƙarfen zubi da kyau, amma idan ta haɗu da ƙarfe mai danƙo sai samanta ya rarake. Philip McKenna ya magance wannan da ƙara taitaniyam, kuma a kan haka ya kafa kamfaninsa a garin Latrobe na jihar Fensilbaniya a 1938, wanda daga baya ya zama Kennametal. A shekarun 1950 aka fara yin haƙoran da ake ɗaurewa da ƙusa, idan gefe ɗaya ya cinye a juya ɗaya. A 1969 kuma aka fara lulluɓe su da wani siririn rufi da bai kai kaurin gashi ba, wanda ya ninka kwanansu.

Labarin gida ɗaya

A kudu maso yammacin Jamus akwai wani tudu mai sanyi da duwatsu, inda noma bai taɓa ciyar da mutane yadda ya kamata ba. Talaucin ƙasar ne ya tura mazauna wurin zuwa sana'ar hannu. Tun a shekarun 1760 wani limamin coci a ƙauyen Onstmettingen, Philipp Matthäus Hahn, yake ƙera agogo da ma'aunin nauyi, mutanen ƙauyen suka koya, aikin auna abu daidai ya zauna a yankin. A garin Ebingen da ke maƙwabtaka, tun 1852 ake ƙera allurar injin saƙa a gidan da yau ake kira Groz-Beckert. A wannan garin ne Gottlieb Gühring ya buɗe wurin ƙera rishar huda ƙarfe a 1898.

Garin ya narke cikin Albstadt a 1975, mutanensa ba su kai dubu hamsin ba, amma har yau hedikwatar Gühring tana nan, kamfanin yana hannun iyalin, tsatso na huɗu ke jan ragamarsa, kuma yana da dubban ma'aikata a ƙasashe da dama. Abin da ya kamata mai warsha ya lura da shi shi ne yadda gidan ya girma. Bai bar risha ya koma gina otal ko dillancin filaye ba. Ya yi ta nitsewa ne cikin abu ɗaya. Ya koma haɗa tasa fidiyar maimakon saye, yana ƙera injunan da yake wasa rishar da su, yana yin nasa rufin. A farkon shekarun 1980 yana cikin na farko da suka fito da risha mai rufin nan ruwan zinariya, wanda yanzu har na bogi ake shafa wa launinsa. Daga baya ya shiga karɓar tsofaffin kaya yana sake wasa su, yana sake rufe su, yana mayar wa masu su.

Ba shi kaɗai ba ne. A garin Aalen, Georg Kress ya kafa Mapal a 1950, gidan da ya yi suna a kan kayan gyara rami ya fito daidai ma'auni, kuma jikansa ne ke riƙe da shi yanzu. Paul Horn ya fara nasa a 1969, ya zaɓi ɗan lungu guda, wato yanka siririn kwari a jikin ƙarfe, kuma kamfanin da ke Tübingen yana hannun zuriyarsa. Richard Glimpel ya kafa Emuge a 1920 a garin Lauf, a kan kayan yanka zaren ƙusa. A Japan, Hideo Osawa ya kafa OSG a 1938 a kan irin wannan aikin.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan tsari. A garuruwanmu ƙira gado ce, unguwa guda ce, da Sarkin Maƙera, kuma yaro yana fara jan zugazugi tun kafin a ba shi masaba. Kafin ya girma idonsa ya san launin ƙarfen da ya nuna, abin da ba wanda ya taɓa rubuta masa. Bambancin shi ne waɗancan gidaje sun ɗauki ilimin ido suka mayar da shi ma'auni da takarda da ɗakin gwaji, kuma Jamus tana da tsarin koyon sana'a na shekara uku zuwa uku da rabi, wani ɓangare a makaranta, mafi yawa a masana'anta, da jarrabawa a ƙarshe.

Me iyali ke ƙarawa, me kuma yake ragewa?

Masu yabon kamfanin iyali suna kafa hujja da haƙuri. Sabon haɗin fidiya ko sabuwar siffar baki na iya cin shekaru ana gwaji kafin ya kawo riyal ɗaya. Kamfanin da ke kasuwar hannun jari dole ya nuna riba duk wata uku, shi kuwa mai gida da ke tunanin jikansa zai iya mayar da ribar cikin injuna ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Haka kuma idan kasuwa ta faɗi yakan yi jinkirin korar ƙwararru, saboda ya san mai wasa risha na ƙwarai ba a samun sa a bakin titi. Sannan akwai amana. Masana'antar mota da ta tsara layinta a kan rishar wani gida ba ta sauya shi da wasa, domin kuskure kaɗan na iya lalata dubban kaya kafin a farga.

Ni dai ina ganin wannan hujja tana da ƙarfi, amma an cika zuzuta ta. Mafi girma a wannan sana'a ba kamfanin iyali ba ne. Sandvik na Suwidin, wanda Göran Fredrik Göransson ya kafa a 1862, ya daɗe da fita daga hannun zuriyarsa, kuma shi ya haɗiye Walter na Tübingen, wanda shi ma da gidan iyali ne. Kennametal ya koma na masu hannun jari. A Sin kuwa babbar masana'antar fidiya ta Zhuzhou gwamnati ce ta kafa ta tun shekarun 1950. Muna jin labarin gidajen da suka rayu ne kawai, waɗanda rigimar magada ko rashin magaji ya rushe ba mai buga musu littafin cika shekara ɗari. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a harkar masana'anta an sha ganin ɗan barewar ya sayar da komai ya tafi hutu. Abin da iyali ke bayarwa dama ce ta yin haƙuri, kuma ba kowane gida ke amfani da ita ba.

To me ya faru a 2025?

A nan zargin da ake wa dillalai ya yi rauni. Wajen kashi 80 cikin 100 na tangistin da ake haƙowa a duniya daga Sin yake fitowa, sai Biyetnam da Rasha a baya can nesa, a Afirka kuma Ruwanda ce kan gaba. Sin ta daɗe tana ƙayyade adadin da za a haƙa kowace shekara. A ranar 4 ga Fabrairun 2025, a tsakiyar rikicin haraji da Amurka, ta sanya dokar neman lasisi kafin fitar da wasu kayan tangistin. Ba haramtawa ta yi ba, amma lasisi yana nufin jira, jira kuma yana sa masu saye su yi rububi. A cikin watan nan dai Kwango, wadda ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya, ta dakatar da fitar da shi don ɗaga farashi, daga baya ta koma tsarin ƙayyade adadi. Abubuwa biyun da ake haɗa fidiya da su duk sun shiga matsi a wata ɗaya.

Ba yau aka fara siyasa da wannan ma'adini ba. A yaƙin duniya na biyu Jamus da Ingila sun yi ta gasar saye a Fotugal da Sifen, kowa yana son hana abokin gabarsa, har Fotugal ta rufe fitarwa a 1944. Dalilin bai sauya ba: abin da ke huda ƙarfe a warsha shi ke huda sulke a fagen fama, don haka masu ƙera makamai suna layi ɗaya da mai makraɗa.

Akwai kuma abubuwan da suka shafi Saudiyya kai tsaye. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, kuma a 2025 yuro ya ɗaga a kan dala, don haka kayan Jamus sun ƙara tsada ko da masana'antar ba ta taɓa farashinta ba. Rikicin Bahar Maliya tun ƙarshen 2023 ya dagula zirga-zirgar jiragen ruwa zuwa tashar Jidda. Harajin saye kuma kashi 15 ne tun Yulin 2020. Ban wanke dillalai tas ba, domin akwai mai ƙara farashin tsohon kaya da ke shagonsa da zarar ya ji labari, amma tushen tsadar ya wuce shagonsa.

Me zai hana a ƙera a nan?

Niyyar gwamnati a fili take. Aramco ta ƙaddamar da shirin iktva a ƙarshen 2015 don a riƙa sayen kaya da ayyuka a cikin gida, burin raya ƙasa na 2030 ya biyo baya a 2016, tambarin kayan da aka yi a Saudiyya ya fito a 2021, sannan tsarin masana'antu na 2022 ya sa burin kaiwa masana'antu 36,000 nan da 2035. Kamfanin motoci na Lucid ya buɗe wurin haɗa motoci a birnin tattalin arziki na Sarki Abdullah a 2023. Fili akwai a hannun MODON, hukumar da ke kula da biranen masana'antu, rance akwai a asusun raya masana'antu da ke aiki tun 1974.

Sai dai manyan gidajen kasuwancin ƙasar ta wata hanya suka taso. Gidan Alireza na Jidda tun ƙarni na 19 fatauci ne, Juffali da Zahid sun yi ƙarfi ne da wakilcin kamfanonin waje irin su Mercedes da Caterpillar, ko da yake wasu, kamar Zamil a Dammam, sun shiga ƙira sosai. Wakilci yana kawo riba da wuri. Ƙera fidiya yana buƙatar mutum ya yi shekaru yana asara, sannan ya je ya shawo kan injiniyan da ya saba da kayan Jamus ko Japan ya gwada nasa. Ko an gina masana'antar gobe, garin tangistin daga waje za a kawo shi. Kuma kayan yanka suna bin masu yanka ne. Gühring da Mapal sun girma saboda masana'antun motoci da injuna suna zagaye da su, suna kawo musu matsala kullum. Haɗa motar da aka sassaƙa sassanta a wata ƙasa ba ya cin risha da yawa. Sai ranar da aka fara sassaƙa sassan a nan kasuwar za ta isa ɗaukar masana'anta.

Matakin da ya fi kusa shi ne na tsakiya: sake wasa rishar fidiya da injin kwamfuta, sake rufi, ƙera kaya na musamman daga sandunan da aka shigo da su, da tara tsofaffin haƙora don a sake sarrafa su. Wannan ba ya buƙatar ma'adini, yana buƙatar hannu da ma'auni.

Maganar gado

Tambayar da ke biyo baya a majalisarmu ita ce ko irin wannan gida zai iya ɗorewa inda ake raba gado. An sha ganin mu'allim ya rasu, magada su sayar da makraɗa da injin huda kowa ya kama kasonsa, warshar shekara talatin ta watse cikin wata guda. Shari'a ta ƙayyade rabon kowa, amma ba ta ce dole a yanka injin gida-gida ba. Idan warshar kamfani ce mai rajista, hannun jari ake rabawa, aikin ya ci gaba, wanda ke son fita a saye kasonsa. Sabuwar dokar kamfanoni ta Saudiyya da ta fara aiki a Janairun 2023 ta ba iyalai damar rubuta yarjejeniyar gida, wadda za ta fayyace wa zai shugabanta, yadda za a ɗauki dangi aiki, yadda za a raba riba da yadda za a warware saɓani.

Wannan dama ta fi amfanar Hausawan da ke da takardar ɗan ƙasa, jikokin alhazan da suka zauna tun da daɗewa. Mai iƙama, wato baƙon da ke zaune da takardar izinin zama, lamarinsa dabam ne. Warshar da ya gina da guminsa amma take da sunan wani ba gado ba ce a idon hukuma, kuma dokar tasattur ta 2020, wadda ta hana baƙo yin kasuwanci a ɓoye da sunan wani, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5. Abin da zai iya bar wa ɗansa da tabbaci shi ne sana'ar kanta, musamman idan yaron ya haɗa da karatun zane da sarrafa injin kwamfuta.

Abin da ya rage ga mai warsha

Kuskuren da aka fi yi shi ne auna tsada da farashin kwali. A ƙaddara risha ta riyal 10 tana huda rami 40 kafin ta mutu, wata ta riyal 80 tana huda 600. Ta farko kowane rami ya ci kwata na riyal, ta biyu bai wuce rabin haka da yawa ba, ga lokacin da ake ɓatawa wajen sauyawa, ga kayan mutane da ake lalatawa idan baki ya karye a ciki. Masu ƙera kayan sukan ce kuɗin haƙori bai cika wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na kuɗin sassaƙa abu ba. Su ne masu sayarwa, don haka a ɗauki maganar da lura, amma lissafin kowa zai iya yi a warsharsa.

Lissafin yana iya juyewa. Fidiya tana da tauri amma tana da saurin ɓallewa, kuma tsohuwar makraɗa mai karkarwa za ta farfasa haƙori mai tsada cikin minti kaɗan. A irin wannan inji, ko a aikin rami biyar na gyaran ƙofa, rishar HSS da mu'allim zai wasa da hannunsa ta fi dacewa. Kayan Sin ma ba duka ne na banza ba, akwai masu suna da ke aiki lafiya. Abin gudu shi ne kwalin da ke ɗauke da sunan babban kamfani a farashin da hankali ba zai ɗauka ba.

Tsofaffin haƙora kuma kada a zuba su cikin tarkacen ƙarfe. Fidiya ta kusa ninka ƙarfe nauyi, hannu ma yana ganewa, kuma tun da tangistin ya yi tsada masu saye suna neman ta a kan kilo da farashin da ya ninka na ƙarfe nesa ba kusa ba. A ware mata gwangwani, a kuma yi magana da mai warshar tun farko kan wanda ke da kuɗin, don kada abin ya zama rigima. Yaran da ake sa wa wasa fidiya a busasshen dutse su ne abin tausayi, domin ƙurar kobalt tana lalata huhu a hankali. A wasa da ruwa, a sa takunkumi na ƙwarai, a kuma bar iska ta riƙa ratsa wurin.